Sabuwar Na'ura Kada Ta Kori Tsohuwa

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da alama injiniyoyin da ke tsara Wi-Fi, watau dabarar da waya da kwamfuta ke kama intanet ta iska, sun yarda da wannan magana. Tun da aka kafa ƙa'idarta ta farko a 1997, hanya guda tak waya ke bi zuwa ga rauta, akwatin nan mai rarraba intanet. Amma a watan Janairu na 2024 aka fara ba da shaidar inganci ga sabon tsari mai suna Wi-Fi 7, wanda ke ba waya damar bin hanya biyu ko uku a lokaci guda. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina makomar tsofaffin wayoyin da ke hannunmu?

Kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaicin zango, haka Wi-Fi ke da zango uku: na gigahaz 2.4, da na 5, da na 6. Na farkon yana cin nisa, yana ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Sauran biyun sun fi faɗi da sauri, sai dai ba su da nisa. Sabuwar waya takan riƙe fiye da ɗaya tare, in wannan ya cushe ta bi wancan. Tsohuwa kuwa ba ta san da wannan dabara ba.

Abin da ya burge ni shi ne ba a manta da ita ba. A sabuwar rauta kowace hanya tana da adireshinta, tana kuma yin shelar kanta kusan sau goma a daƙiƙa, kamar yadda aka saba. Bayanin haɗa hanyoyi ƙari ne aka yi a cikin shelar. Tsohuwar waya sai ta karanta abin da ta gane, ta tsallake sauran, ta kama hanya guda ta ci gaba da harkarta. Har ila yau, sabon saƙo yakan fara ne da tsohuwar gabatarwa, wadda ke gaya wa kowa tsawon lokacin da zai yi shiru ya jira.

Akwai masu cewa wannan rangwame asara ce, kuma maganarsu ba ta rasa hujja ba. A kan hanya guda, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda, mai nawa kuwa takan daɗe kafin ta gama. An ga haka a 2003, sa'ad da tsari mai gudun megabit 54 a daƙiƙa ya haɗu da na 1999 mai megabit 11. Da tsohuwar na'ura ta shigo, sai gudun kowa ya ragu, tamkar amalanke ta shiga gaban mota a siririn lungu.

Duk da haka ni ban goyi bayan a kori tsofaffi ba. Da farko, yawan hanyoyin shi kansa ya rage wannan matsala. Zangon gigahaz 6 an keɓe shi ga sababbin na'urori kaɗai, saboda haka mai gaggawa yana da titinsa, mai amalanke yana da nasa. Na biyu, wane ne mai tsohuwar wayar? Mahaifi ne da ya sayi ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya ajiye ragowar kuɗin don kuɗin jarrabawar ɗansa. Makaranta ce mai lallaɓa kwamfutocinta shekara da shekaru. In aka ce kowane sabon tsari sai da sabuwar waya, ashe ci gaba ya zama na masu hali ke nan.

Tarihi ma ya ba da darasi. A 1950 Amurka ta amince da wani tsarin talabijin mai launi wanda tsofaffin akwatuna ba sa iya nuna hotonsa, bai kuwa yi ƙarko ba. A 1953 aka kawo wanda akwatin baƙi da fari ke iya nunawa, shi ne ya zauna. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wuri guda ne nake ganin sai an yi hattara, watau wajen tsaro. Haɗa hanyoyi ba ya yiwuwa sai da makullin sirri na WPA3, wanda ya fito a 2018. Wayar da ba ta san kome ba sai WPA2 na 2004 za ta ga sunan Wi-Fi amma ta kasa shiga, in an kulle rauta da sabon makulli kaɗai. Maganin wannan ba shi da wuya: a buɗe wa tsofaffin suna na biyu a kan rautar, da makullin da suka sani. Amma makullin WEP, wanda masana suka karya tun 2001, bai kamata a buɗe shi don kowa ba, gama ƙofar da ɓarawo ya san sirrinta ba ƙofa ba ce.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu, in waya ta ƙi kama sabuwar rauta, kada a yi gaggawar yanke mata hukunci. A fara duba saitin tukuna. Ina kuma roƙon hukumomin makarantu, duk ranar da za a sayi sabuwar rauta, a sa mai sayarwa ya gwada ta da kwamfutar da ta fi kowace tsufa a ɗakin kwamfuta kafin a biya shi. Mu kuma ɗalibai masu burin zama injiniyoyi, mu riƙe wannan: gwanin gini shi ne mai ƙara bene ba tare da ya rushe ɗakin kakarsa ba.