Tayar ƙasar ƙanƙara a kan kwaltar Sakkwato

A Jamus mai mota yakan mallaki tayoyi kashi biyu. Daga Oktoba zuwa wajen Afrilu yana hawa tayar hunturu, wadda aka haɗa robarta da laushi don ta kama titi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 ko ƙanƙara ta rufe hanya. Da zafi ya shigo sai ya kwance ta ya ɗaura tayar bazara, mai robar da ke jure titi mai zafi. Mu kuwa shekararmu kusan duk bazara ce. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yakan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. To me ya kawo tayar ƙanƙara ƙarƙashin motocinmu?

Gwanjo ne ya kawo ta. Bature yakan jefar da tayar hunturu da zarar zanenta ya ragu zuwa wajen milimita 4, alhali doka a Turai ta yarda a hau taya ta yau da kullum har zanenta ya kai milimita 1.6. Saboda haka takan iso kasuwarmu da kyan gani. Mai shago zai tura ɗan yatsa cikin zanen ya ce, "Alhaji duba, ko wata uku ba ta yi a ƙasa ba." Zanen gaskiya ne, robar ce ba ta nan ba ce. A kwalta mai zafi tana ƙara laushi, ta cinye da wuri, ta ɗauki zafi, kuma idan aka taka birki motar sai ta ƙara tafiya kafin ta tsaya. Wannan 'yar tafiyar ita ce tsakanin tsira da shiga bayan tirela.

Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su jibge a kasuwa. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, sabuwar taya daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Na san halin da direban haya yake ciki, ba na ganin laifinsa idan ya nemi sauƙi. Amma gane tayar ƙanƙara ba ya cin ko kwabo. A gefenta akwai hoton dutse mai tsini uku da tauraruwar ƙanƙara a tsakiya, zanenta kuma cike yake da ƙananan tsagu kamar an bi shi da reza. Wanda ya ga haka ya bar ta a shagon.

Sauran bayanin ma a gefen tayar yake. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba na tsufa ko da ba a hau ta ba, balle wadda ta yi shekaru a rana a ƙofar shago. Akan kuma sami kalmar Temperature da harafi a gabanta. A ta fi B jure zafi, B ta fi C, kuma a ƙasarmu A ya kamata a nema. Sai lambar nauyi da harafin gudu, kamar 91V: kowace taya za ta ɗauki kilo 615, kuma an gwada ta har gudun kilomita 240 a awa. H na tsayawa a 210, W ta kai 270. Ba don a yi wannan gudun ake duba harafin ba. Tayar da aka gina wa babban gudu ta fi iya jure zafin doguwar tafiya, irin ta Kano zuwa Maiduguri da mota cike da iyali da kaya.

Inda nake da ja shi ne manyan tayoyin gudu, irin su Michelin Pilot Sport da Pirelli P Zero da Bridgestone Potenza. Kyawunsu ba a magana: suna kama titi a kwana, suna tsayawa da wuri a busasshiyar hanya da ma cikin ruwan damina. Sai dai yawancinsu masu gajeren gefe ne, an yi su don santala-santalan tituna. Taya mai lamba 225/45 R17 tsawon gefenta wajen santimita 10 ne kawai, ita kuwa 205/65 R15 ta kai 13. Wannan bambancin shi ke karɓar dukan rami. Samarinmu sukan cire rim ɗin da mota ta zo da shi su sa babba don ƙawa, rami ɗaya ya fito wa tayar da ƙullutu a gefe, ko ya lanƙwasa rim ɗin. Taya mai ƙullutu kuwa zarenta ya riga ya tsinke, babu facin da zai gyara ta. Ga tsada, ga saurin cinyewa. Wanda zirga-zirgarsa a cikin Abuja take, kuma motarsa da irin su aka ƙera ta, ya saya. Mai bin hanyoyin ƙauye da kasuwanni ya nemi tayar bazara mai kauri a gefe, daidai girman da aka rubuta a takardar da ke jikin ƙofar direba.

A wannan takardar dai aka rubuta yawan iskar da ta dace. Masu faci da yawa da bugun taya da ƙarfe suke auna iska, ko su cika ta tam don a ce sun yi aiki. Ƙarancin iska ya fi haɗari, domin gefen tayar zai riƙa lanƙwasa yana tara zafi har ta fashe. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, da ma'auni mai kyau.

Ga shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi: ku koya wa yaranku karanta gefen taya, kuma kada ku bari a yi lodin fasinja a motar da ke kan tayar ƙanƙara.