Kwana 52 Kafin Kirsimeti

Karatu: Nehemiya 2:11-18, 6:1-15

'Yan'uwa cikin Ubangiji, bari mu faɗa wa juna gaskiya. Kowace shekara mukan yi wa ikkilisiya alkawarin wasan kwaikwayo da sababbin waƙoƙi na Kirsimeti. Kowace shekara kuma daren 23 ga Disamba yakan same mu a majami'a da fitilar waya: mai rubuta wasa bai kai ƙarshe ba, wadda za ta fito a matsayin Maryamu ba ta haddace maganarta ba, rigunan makiyaya suna wurin tela. In aka yi magana sai mu ce, "Ruhu zai bi da mu." Hakika yana bi da mu, amma bai taɓa alkawarin zai haddace mana abin da muka ƙi zama mu koya ba.

Uzurinmu ba ƙarya ba ne. A nan Kaugama, Oktoba da Nuwamba lokacin kaka ne. Wasu suna yankan riɗi, wasu suna fadamar Haɗeja wurin shinkafa, ɗalibanmu kuma sai tsakiyar Disamba suke dawowa hutu. To, amma wa ya taɓa barin riɗinsa a gona har kwanson ya tsage, ya ce Allah zai tsince masa ƙwayar daga ƙasa? Mun san lokacin gona ba ya jira, muna kuma girmama shi. Aikin Ubangiji ne kaɗai muke fafe wa gora ranar tafiya.

Nehemiya ya gama garun Urushalima cikin kwana 52. In muka ƙirga kwana 52 baya daga 25 ga Disamba, za mu tsaya a 3 ga Nuwamba. Ashe lokacinmu bai gaza nasa ba, wasanmu kuwa bai kai garu nauyi ba. Kafin a ɗora dutse ko ɗaya, ya fita da dare ya duba girman ɓarnar da idonsa. Sa'an nan aka raba aikin: firistoci, maƙeran zinariya, masu yin turare, har Shallum da 'ya'yansa mata, kowa da sashensa. Da Sanballat da Geshem suka aiko har sau huɗu ya sauko su gana, bai bar aikin ba.

Mu fa? Mukan tsara wasan awa biyu alhali masu zuwa bita ba su wuce mutum takwas ba. Nauyin duka yakan faɗa kan mutum biyu ko uku, su kwana uku ba barci, su shiga sujadar Kirsimeti da fushi a zuci. Baɗi in aka nemi mai rubutu, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ta haka muke rasa masu baiwa, ba domin sun daina ƙaunar Yesu ba, sai domin mun gajiyar da su.

Shawararmu ita ce, bana mu zauna a makon farko na Nuwamba mu ƙirga mutanen da muke da su da gaske. Mu zaɓi wasan minti 20 da waƙa biyu. A rufe rubutu kafin Nuwamba ta fita, kada a ƙara masa komai bayan haka, ko da sabuwar dabara ta yi daɗi. A ajiye ta don Ista. A tura wa ɗalibai nasu sashen ta WhatsApp tun suna makaranta. Ƙaramin aiki da aka gama ya fi babba da aka bari a hanya, gama tsohuwar da ke zaune a bencin baya labarin haihuwar Mai Ceto ta zo ji, ba ruɗewarmu ta zo gani ba.

Addu'a: Ya Uba, ka koya mana fara aikinka da wuri, mu raba nauyi da ƙauna, mu gama da farin ciki. Cikin sunan Yesu. Amin.