Watan Da Ya Tafi Da Manya: Janairu 1966

Mutuwa rigar kowa ce, kuma ba a taɓa yin watan da ba a haƙa kabari ba. Amma akwai watannin da ajali ya kan tara manyan mutane na ƙasashe daban-daban ya tafi da su kusan tare, har masu lura su tsaya su dubi abin da kowannensu ya bari. Watan Janairu na shekarar 1966 yana cikin irin waɗannan. Mafi yawan kwanakinsa sun faɗo cikin azumin Ramadan na shekarar 1385 ta Hijira. A cikin kwana 24 kacal aka rasa shugabannin mulki, da masana, da manyan hafsoshin soja, daga Faransa har Indiya, daga Masko har Kaduna da Ikko. Mutanen ƙasar nan sun san labarin daren 15 ga wata sarai, amma kaɗan ne suka jera shi da sauran rashe-rashen watan. A wurin jerawar kuwa a ke ganin darasin.

Na farkon tafiya shi ne Binsan Oriyol, wanda ya shugabanci Faransa daga 1947 zuwa 1954, zamanin da Nijar da Cadi su ke hannun Faransawa. Ya rasu a Faris ran 1 ga wata yana da shekara 81. Ya daɗe da sauka, wani ya hau, wani kuma ya gaji wancan, saboda haka mutuwarsa ba ta girgiza kome ba. Aka yi masa ta'aziyya, kowa ya koma sha'aninsa.

Ran 11 ga wata wani gwanin sassaƙa na ƙasar Suwizalan, Albato Jakometi, ya rasu yana da shekara 64. Ya yi yawancin aikinsa a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki a Faris, yana ƙera siffofin mutane dogaye sirara da tagulla. Bayan ransa ƙasarsa ta buga hotonsa a takardar kuɗinta ta faran 100, kuma a shekarar 2015 aka sayar da guda ɗaya daga cikin ayyukansa a Niyu Yok a kan fiye da dala miliyan 141. Shi kuwa mai aikin ko anini bai gani ba daga ciki. Fatake sun san irin wannan ciniki, inda wani ya sha ranar tafiya, wani ya ci ribar kaya.

A wannan rana kuma Lal Bahadur Shastiri, Firayim Ministan Indiya, ya cika a birnin Tashkan na ƙasar Sobiyat. Dalilin zuwansa can shi ne yaƙin da Indiya da Pakistan suka gwabza a 1965 a kan yankin Kashmir. Kosijin, Firayim Ministan Sobiyat, ya shiga tsakani, ya tara Shastiri da Ayuba Khan shugaban Pakistan, suka sa hannu a takardar sulhu ran 10 ga wata, kowa ya yarda ya janye sojansa zuwa inda su ke kafin yaƙi. Cikin daren nan, tawada ba ta gama bushewa ba, aka ce ciwon zuciya ya kama Shastiri, kafin gari ya waye ya tafi, yana da shekara 61. Ayuba Khan da ya yaƙe shi wata huɗu da suka wuce yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa jirgi. Shastiri mutum ne mai gudun duniya. A 1956 ya ajiye muƙamin Ministan Jiragen Ƙasa da kansa saboda wani haɗarin jirgi da ya ci rayuka, kuma da abinci ya yi ƙaranci a ƙasarsa ya roƙi jama'a su riƙa barin cin abinci sau ɗaya a mako, ya fara daga gidansa. Ya mutu da bashin banki na wata 'yar ƙaramar mota, matarsa ce ta biya daga kuɗin fanshonta.

Ran 14 ga wata wani mutum ya mutu a Masko a hannun likitoci ana yi masa aiki, yana da shekara 59. Sunansa Sarge Korolef, kuma har ranar da ya mutu talakawan ƙasarsa ba su san wannan suna ba. Shi ya jagoranci ƙera rokar da ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, ran 4 ga Oktoba 1957, da wadda ta kai Yuri Gagarin sararin sama ran 12 ga Afrilu 1961. Tun da fari gwamnatin Sitalin ta kama shi a 1938, ta jefa shi sansanin haƙar zinariya a Kolima, inda sanyi da yunwa suka lalata masa jiki, ba a sake shi ba sai 1944. Da aka ga amfaninsa sai aka ɓoye shi, jaridu ba su kiransa sai da laƙabin Babban Mai Tsarawa. Sai da ya mutu aka buga sunansa da hotonsa.

Ran 24 ga wata jirgin saman Indiya da ya taso daga Bombai ya daki dutsen Mon Bulan yana shirin sauka a Jiniba. Mutum 117 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Cikinsu akwai Homi Baba, shugaban hukumar nukiliya ta Indiya, mai shekara 56, yana kan hanyarsa ta zuwa wani taro a Biyana. Watau cikin mako biyu Indiya ta rasa shugaban gwamnatinta da babban masaninta.

Tsakanin waɗannan kwanaki ne abin ya auku a Nijeriya. Ran 11 da 12 ga wata Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen Kwamanwel a Ikko domin shawara a kan Rodeshiya, inda Turawa 'yan kaka-gida suka ƙwace mulki a Nuwamba 1965. Wannan ne karo na farko da aka yi irin taron ba a Landan ba. Kwana uku bayan watsewarsa, da asubahin Asabar 15 ga wata, wasu manjojin soja suka fita da makamai. A Kaduna Manjo Chukwuma Nzeogwu ya kai hari gidan Firimiyan Jihar Arewa, aka kashe Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tare da uwargidansa Hafsatu, kwanaki kaɗan da komowarsa daga Umra. A Badun aka kashe Cif Samuel Akintola, Firimiyan Jihar Yamma. A Ikko aka tafi da Firayim Minista da Ministan Kuɗi Cif Festus Okotie-Eboh, ba a ga gawar Abubakar ba sai ran 21 ga wata a gefen hanyar Abekuta, aka kai shi Bauci aka binne. Daga cikin hafsoshi aka rasa Birgediya Zakariya Maimalari, da Birgediya Samuel Ademulegun, da Kanar Kur Muhammad, da Kanar Ralph Shodeinde, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da James Pam, da Arthur Unegbe.

To, ga mutuwa iri uku a wata guda, watau ta ciwo, da ta haɗari, da ta bindiga. Duka ajali ne, amma abin da ya biyo bayan kowace ya bambanta ƙwarai, kuma a nan ya kamata mai karatu ya tsaya.

A Indiya, ranar da Shastiri ya rasu aka rantsar da Gulzarilal Nanda ya riƙe kujera. Ran 19 ga wata 'yan majalisa na jam'iyyar da ke mulki suka jefa ƙuri'a tsakanin Indira Gandi da Morarji Desai, Indira ta ci, aka rantsar da ita ran 24, ranar da jirgin Homi Baba ya faɗi. Sulhun Tashkan bai mutu da wanda ya sa masa hannu ba, sojoji suka janye kafin ƙarshen Fabrairu kamar yadda aka yi alkawari. Hukumar nukiliya kuwa Homi Baba ya riga ya gina mata cibiyar bincike tun 1945, ya horar da almajirai masu yawa, sai Bikram Sarabai ya gaje shi aiki ya ci gaba. Ba wai mutanen Indiya sun fi kowa haɗin kai ba ne, gardamar addini da ta harshe a can ta fi ta nan yawa. Abin da ya cece su shi ne akwai ƙa'idar gado da manya suka yarda da ita, kuma soja ya zauna a barikinsa.

A Sobiyat sha'anin ya sha bamban. An ɗora aikin sararin sama duka a wuyan mutum guda, wanda shi kaɗai ke iya tanƙwara masana masu kishin juna, shi kaɗai kuma shugabannin ƙasa ke jin maganarsa. Mataimakinsa Basili Mishin ya gaje shi, yana da ilmi amma ba shi da wannan kwarjini. Babbar rokar da aka ƙera domin zuwa wata ta tarwatse sau huɗu tsakanin 1969 da 1972, Amurkawa kuwa suka sauka a kan wata a Yuli 1969. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun gwani ne.

A Nijeriya an kashe mutanen, an kuma kashe ƙa'idar tare da su. Shugaban ƙasa Dokta Nnamdi Azikiwe ba ya gida, Nwafor Orizu shugaban Majalisar Dattawa ke riƙe masa. Ministocin da suka rage suka so Zanna Bukar Dipcharima ya riƙe kujerar Firayim Minista, ba a rantsar da shi ba, daren 16 ga wata aka miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Gaskiya ta wajaba a faɗe ta, bango ya riga ya tsage kafin ƙadangare ya shiga. Rikicin ƙidayar jama'a na 1962 da 1963, da zaɓen tarayya na Disamba 1964, da tarzomar ƙasar Tibi, da zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 wanda ya jawo ƙone-ƙonen gidaje da mutane, duk sun sa jama'a da yawa sun gaji da 'yan siyasa, har wasu suka yi murna da juyin. Amma da ƙura ta lafa aka ƙirga gawawwaki, sai aka ga yawancin waɗanda aka kashe 'yan Arewa ne da 'yan Yamma, yawancin masu kisan kuwa Ibo ne, kuma ba a gurfanar da su gaban shari'a ba. Dokar Ironsi ta 34, ta ran 24 ga Mayu, wadda ta rushe jihohi ta haɗe mulki wuri guda, ta ƙara wa wutar mai. Ran 29 ga Yuli sojan Arewa suka rama, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Badun. A watannin Mayu da Satumba da Oktoba aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, 'yan kasuwa da ma'aikata da iyalansu waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wannan kuwa zalunci ne da babu uzurin da zai wanke shi. Daga nan sai yaƙin basasa, wanda ya fara a Yuli 1967, bai ƙare ba sai ran 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif daga wancan dare. Bayan juyin farko ƙasar ba ta sake ganin mulkin farar hula ba sai 1979.

Duk da haka ba kome ne bindiga ta iya kashewa ba. Abin da Sardauna ya kafa bisa tsari, da doka da ma'aikata da magada, ya rayu bayansa, kamar Jami'ar Zariya da aka buɗe a 1962 mai ɗauke da sunansa, da Jama'atu Nasril Islam. Abin da ya rataya ga kwarjininsa shi kaɗai, watau riƙe manyan Arewa a inuwa guda, shi ne ya bi shi kabari. Abubakar kuwa, malamin makaranta ne tun asali, ya bar littafinsa Shaihu Umar ana karantawa, ya bar kuma suna na rashin tara abin duniya, daidai da takwaransa na Indiya da ya riga shi da kwana huɗu.

Wannan labari bai tsufa ba. Soja sun karɓi mulki a Mali a 2020 da 2021, a Gini a 2021, a Burkina Faso sau biyu a 2022, a Nijar ran 26 ga Yuli 2023. Kowane juyi da irin hujjar da masu yinsa suka kawo, kuma sau da yawa laifin da su ke ɗora wa waɗanda suka tumɓuke yana da tushe, kamar yadda ya ke a 1966. Amma fatake sun ga abin da ya biyo bayan na Nijar da idonsu. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari, albasa da sauran kayan gwari suka ruɓe, ba a buɗe ta ɓangaren Nijeriya ba sai Maris 2024. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ko kujera ba shi ya biya kuɗin rigimar.

Abin da ya shafi ƙasa ya shafi zaure da rumfa. Malamin da ya tara almajirai ɗari amma bai zaunar da ko ɗaya ya ba da karatu a gabansa ba, ranar da aka kai shi makwanci makarantar za ta watse, littattafai su zama abincin gara. Attajirin da lissafinsa duka ke cikin kansa, ba a rubuta wanda ya ke bi da wanda ke binsa ba, bai nuna wa 'ya'yansa da yaransa abokan cinikinsa na Kumasi ko Fatakwal ba, ya bar wa magadansa shari'a a maimakon dukiya. Shari'ar Musulunci ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu, ta kuma tsara rabon gado tun mai dukiya yana da rai bai san ranarsa ba. Oriyol ya kai shekara 81, Abubakar bai wuce 53 ba, Homi Baba kuwa ya shiga jirgi da takardun taron da bai halarta ba.

Allah ya jiƙan musulmin da suka rasu a wannan wata, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya kiyashe ƙasashen nan daga fitina. Amin.