Lafiyar Iyali: Ciwon Da Ya Daɗe A Jiki

A wannan wata za mu yi magana a kan ciwon da ya ƙi barin jiki, da yadda ya kamata mu sha masa magani.

A ƙasar Bichi, da Dambatta, da Kunci, da Makoɗa, gona tana manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta. Manomi yana kai taki tun da rani, ya sunkuya da fartanya daga noman fari zuwa maimai, sa'an nan girbin gero da cirar gyaɗa. Mata kuwa ga surfe, ga daka, ga ɗebo ruwa. Shi ya sa da yawa cikinmu ke fama da ciwon baya, da ƙugu, da gwiwa. Idan ciwo ya wuce wata 3, likitoci suna lissafta shi ciwo mai daɗewa, kuma ba a bi da shi kamar ciwon kwana biyu.

Abin da muka saba shi ne mu aiki yaro kemis ya sayo "haɗi". Cikin ƙullin nan akan sami diclofenac, da ibuprofen, da piroxicam. Dukansu dangi ɗaya ne, shan su tare ba ya ƙara sauƙi, sai dai lahani. Shan su kullum yana jawo gyambon ciki, ya ɓata ƙoda, ya ta da hawan jini. Wani lokaci kuma akan sa dexamethasone, wanda idan an daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya raunana ƙashi, ya kawo ciwon sukari. Ko paracetamol da muke rainawa yana da iyaka: babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da dare, gama fiye da haka yana ɓata hanta.

Sai tramadol. Magani ne na gaske a hannun likita, amma jiki yana sabawa da shi. Wanda ya fara da ƙwaya ɗaya saboda ciwon baya, ko don ya jure ƙwadago da damina, yakan wayi gari ba ya iya ɗaga fartanya sai ya sha. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai miligiram 50 da 100 ne, mai 225 ɗin nan ta ɓarauniyar hanya yake shigowa, yana kuwa iya sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba. A shekarar ce kuma aka hana maganin tari mai kodin.

To, me za mu yi? Mu je asibiti, mu yi magana da likita a fili.

1. Mu tafi da dukan magungunan da muke sha, har da na gargajiya, mu zube masa ya gani.
2. Mu faɗi inda ciwon yake, tun yaushe, da abin da ke ta da shi.
3. Mu faɗa masa idan muna da gyambon ciki, ko hawan jini, ko juna biyu.
4. Mu tambaya: Mene ne sunan maganin? Sau nawa a rana, har kwana nawa? Wane lahani zan lura da shi?
5. Mu tambayi wata hanya ban da ƙwaya, kamar man shafawa ko gashin ƙashi. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin gari, yana iya tura mu Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Wanda ya riga ya saba da tramadol ko dexamethasone, kada ya yanke sha farat ɗaya, kada kuma ya ɓoye don kunya. Likita zai rage masa kaɗan kaɗan. Amma idan aka ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko amai da jini, ko ciwon baya tare da rama da zazzaɓi, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, a tafi asibiti a ranar.

Ba kullum likita zai iya kawar da ciwon gaba ɗaya ba. Idan mun sami barci, mun iya aikin gida, mun iya zuwa sujada, magani ya yi aikinsa. Mu koma ranar da aka sa mana, ko da mun ji sauƙi.

Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, wanda ya rubuta bishara ta uku, likita ne. Mu yi addu'a, mu kuma sha magani bisa ga ƙa'ida. Ekklesiya ma tana da nata aiki. Idan dattijo yana haɗiyar ƙwaya domin babu mai nome masa gona, bari matasa su yi masa gayya. Zumuntar mata ta taya gwauruwa daka da ɗibar ruwa, a kuma haɗa wa mara hali kuɗin mota zuwa asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa.