SHARHI: Maganin ɗigawa a ido da barazanar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani

Duk lokacin da ciwon jan ido da aka fi sani da Afolo ya ɓarke a garuruwan Najeriya, shagunan kemis ne ke fara cika kafin asibitoci. Mai ciwo ya nuna idonsa, a miƙo masa kwalbar kuloramfenikol ko jentamaisin, ya biya ya tafi. Bayan kwana biyar ko mako guda ido ya washe, sai a ce magani ya yi aiki.

A mafi yawan lokuta ba maganin ne ya warkar da shi ba. Afolo, wanda aka fara gani a Ghana a shekarar 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, ƙwayar bairos ce ke haddasa shi, kuma yakan tafi da kansa. Magungunan antibayotik ba sa kashe bairos. Abin da suke yi a irin wannan hali shi ne kashe raunanan bakteriya da ke zaune a ido, su bar masu taurin kai su hayayyafa. Ranar da ciwo na gaske ya zo, sai a tarar makamin ya dakushe.

Ciwon na gaske kuwa ba ya jira. Gyambon da bakteriya ke yi a tantanin da ya rufe baƙin ido, wanda manomi kan samu bayan ƙaiƙayi ko kara ya soke shi, yana iya barin hakiya ko ya huda ido cikin 'yan kwanaki. Haka jaririn da ya ɗauki ƙwayar ciwon sanyi daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya. Waɗannan su ne ke buƙatar maganin da ke ci nan take. Abin ya fi muni idan kwalbar da aka saya tana haɗe da sinadarin sitiroid, domin yana kwantar da jan ido alhali gyambon na ci a ɓoye, kuma yawan amfani da shi na jawo hawan jinin ido. Masu ɗiga fitsari ko ruwan sukari kuwa cuta suke ƙara wa cuta.

Abin da ya faru a Amurka a 2023 ya isa ishara. Wani ruwan ɗigawa a ido mai suna EzriCare, da aka sarrafa a Indiya, ya gurɓata da wata bakteriya da ta gagari kusan dukkan magunguna. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 81 a jihohi 18. Huɗu sun mutu, 14 sun rasa gani, an cire wa huɗu ido ɗungurugum. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji ke nan. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Akwai wata fuskar da ta fi sarƙaƙiya. Amosanin ido, cutar da ke lanƙwasa gashin ido ya riƙa gogar baƙin ido har mutum ya makance, ta daɗe tana addabar jihohin Arewa. Ana yaƙarta ta hanyar raba wa al'umma gaba ɗaya maganin azitromaisin, wanda kamfanin Pfizer ke bayarwa kyauta. Tsarin ya yi nasara: Ghana ta kawar da cutar a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018, Benin da Mali suka biyo baya a 2023. Wani gwaji da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya kuma nuna raba maganin ga ƙananan yara ya rage mace-macensu, da kusan kashi 18 cikin 100 a Nijar. Sai dai a ƙauyukan da aka raba shi an ga ƙaruwar bijirewa a wasu bakteriya da ke zama a hanci da hanji. Ba wanda zai ce a hana yaro maganin da zai ceci ransa ko idonsa, amma kowane zagaye na rabo yana da farashi.

Shi ya sa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa kan amosanin ido yake da ƙafa huɗu: tiyata, magani, wanke fuska da tsaftar muhalli. Biyun ƙarshe su ne aikin gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, kuma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙauyen da ke da rijiyar burtsatse da masai, inda ƙudaje ba sa yawo a fuskokin yara, ba ya buƙatar a riƙa komawa da magani shekara bayan shekara.

Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na biyu na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2024, wanda zai kai 2028. Za a auna shirin ne a shagon kemis na unguwa: ko Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna da NAFDAC za su iya hana sayar da maganin ido mai sitiroid ba tare da takardar likita ba, da kuma ko manyan asibitocin jihohi za su sami ɗakin gwajin da zai gano ƙwayar kafin a rubuta magani, maimakon kowa ya nufi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna bayan ido ya lalace.

Kafin nan, likitocin ido suna da ma'auni mai sauƙi. Jan ido mai zubar da hawaye kawai yana buƙatar ruwa mai tsafta, wanke hannu da raba tawul. Idan kuwa akwai zafi mai tsanani, ko dishi-dishi, ko farin tabo a baƙin ido, ko mugunya a idon jariri, a kai shi asibiti a ranar.