Kallo Ya Koma Sama

Kowace shekara cikin watan Yuli dubban mutane su kan taru a filin jirgin sama na Fairford, can ƙasar Ingila, domin kallon jiragen yaƙi. An fara wannan taro cikin 1971 a wani fili dabam, sa'an nan aka mai da shi Fairford cikin 1985. Cikin 2003 jirage 535 suka hallara, har aka rubuta cewa ba a taɓa tara jiragen soja masu yawa haka wurin kallo ba. Waɗansu a kan jera su ƙasa bayan igiya, mutum ya matso ya duba fiffike da mazaunin matuƙi. Waɗansu kuwa su tashi su yi ta juyi a sama, kamar jajayen jiragen nan na Ingila masu fesa hayaƙi ja da fari da shuɗi. Kusan kowa da kyamara a wuya, wani ma ya kan zo da tsani don ya hango bisa kan jama'a.

To, wannan kallo ba abin zargi ba ne. Gani ya kori ji. Da kuɗin talakawa a ke sayen jiragen nan, ya kuwa kamata mai biyan haraji ya ga abin da aka saya. Yaro kuma da ya tsaya gindin jirgi ya yi tambaya, watakila gobe shi ne makaniki ko matuƙi. Amma akwai abu uku da tilas a faɗa wa mai niyyar zuwa.

Na fari, igiyar nan da a ke tsai da mutane bayanta, da jini aka saye ta. Cikin 1952 a Farnborough wani sabon jirgi ya tarwatse a sama, injinsa ya faɗa cikin taro, mutum 31 suka rasu har da matuƙin da abokin aikinsa. Bayan haka ne aka yi doka jirage su nisanci 'yan kallo. Ran 28 ga Agusta 1988 a Ramstein ta Jamus, jiragen Italiya goma suna zana siffar zuciya da hayaƙi, uku suka yi karo, ɗaya ya faɗa wa jama'a da wuta, rayuka 70 suka salwanta. Cikin 2002 kusa da Lviv ta Yukren mutum 77 suka tafi ta irin wannan hanya. Ko a Abuja, ran 28 ga Satumba 2018, jirage biyu sun yi karo suna gwajin bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Saboda haka wanda ya tsallake igiya, ko ya laɓe ƙarshen titin jirgi don hotonsa ya fi na kowa, ya sayar da ransa da araha.

Na biyu, izinin shiga ba shi ne izinin ɗauka ba. Cikin Nuwamba 2001 Ingilishi 12 da mutanen Holan 2, masu sha'awar rubuta lambobin jirage a littafi, suka je wani filin soja a Kalamata ta ƙasar Girka ranar da aka buɗe wa jama'a. Aka kama su da zargin leƙen asiri, suka yi fiye da wata guda a tsare, kotu ta same su da laifi, sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke waɗanda suka je gabanta. Abin da ya ke wasa a wata ƙasa, laifi ne a wata. Mai hankali ya tambayi sojan da ke gadi tukuna, in ya ce a'a, a mai da kyamara cikin jaka. Masu shirya taro kuma wajibinsu ne su rubuta a fili inda aka yarda da inda aka hana, don kada a kama baƙo da laifin da ba a sanar da shi ba.

Na uku shi ne mafi nauyi. Hoto ya kan nuna fenti mai ƙyalli, ba ya nuna aikin da aka ƙera jirgin dominsa. Ƙugiyoyin da ke ƙarƙashin fiffike na rataya bom ne. Ƙarar da ke sa 'yan kallo tafi a Fairford, ita ce ke sa uwa a wata ƙasa ta sungumi ɗanta ta nemi rami. Uban da ya kai ɗansa kallo, lalle ya gaya masa wannan, don yaro ya san makami makami ne, ana riƙonsa don tsaron ƙasa, ba don ado ba.

A je, a gani, a ɗauko hoto a nuna wa na gida. Amma a tsaya bayan igiya, a nemi izini, a kuma tuna da waɗanda jirgi ya ke zo musu ba da gayyata ba. Allah ya kiyaye matuƙa da 'yan kallo baki ɗaya, amin.