Shekara 43 a Kan Raga Ɗaya: Me Ya Hana 'Yan Matan Karaye da Rogo?

A watan Disambar 2021 ne Russ Rose ya ajiye aikin horar da 'yan mata ƙwallon raga a Jami'ar Penn State da ke Amurka. Ya kama aikin a 1979 yana ɗan shekara ashirin da biyar, bai kuma sauya sheƙa ba har furfura ta cim masa a wurin. Ya bar tarihin cin wasa 1,330 da kofin ƙasa bakwai na gasar jami'o'i. Huɗu daga ciki a jere ya ɗauke su, daga 2007 zuwa 2010, lokacin da 'yan wasansa suka buga wasa 109 ba a doke su ko sau ɗaya ba.

Na san mai karatu a garin Turawa zai ce ina ruwan biri da gada. A yi mini haƙuri, akwai ruwanmu.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin mutumin nan shi ne shekara ashirin ɗinsa na farko. Sai a 1999 ya fara ɗaukar kofin ƙasa. Kafin nan ya kai wasan ƙarshe a 1993 da 1997 da 1998, duk ya dawo hannu rabbana. Ba a kore shi ba, ba a kuma mayar da shi wani ofis don a ba ɗan gidan wani kujerarsa ba. Jami'ar ta bar shi da aikinsa, shi kuma ya zauna. An san shi da faɗin gaskiya komai ɗacinta, da kuma littafin da yake riƙewa a bakin fili yana rubuta kuskuren kowace yarinya da abin da ta yi daidai. Wanda ya san baɗi za a ɗauke shi ba zai ɓata tawadarsa a kan irin wannan littafi ba.

Gadon da ya bari ya fito fili bayan tafiyarsa. Wadda ta gaje shi, Katie Schumacher-Cawley, ɗalibarsa ce, tana cikin 'yan wasan da suka ci kofin 1999. A Disambar 2024 ta ɗauko wa Penn State kofi na takwas alhali tana shan maganin sankarar mama, ta zama mace ta farko da ta ci wannan gasa a matsayin babbar koci. Wadda ta kara da ita a wasan ƙarshe, Dani Busboom Kelly ta Louisville, ita ma ɗalibar wani daɗaɗɗen koci ce, John Cook na Nebraska, kuma ita ta gaje shi da ya yi ritaya a farkon 2025. Tawagar Amurka da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo tana da ɗaliban Rose biyu, Micha Hancock da Haleigh Washington, tana kuma da Foluke Akinradewo da Chiaka Ogbogu, waɗanda iyayensu 'yan Nijeriya ne. Jinin namu ne, filin da mai horarwa na wasu ne.

Tabbas akwai kuɗi da doka a bayan wannan. Tun 1972 Amurka ta haramta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni. Ba mu da irin aljihunsu. Amma ƙwallon raga ba ta neman aljihu mai zurfi. Filinta mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, zai shiga cikin katangar kusan kowace makarantar 'yan mata. Turke biyu, raga ɗaya mai tsayin mita 2.24, ƙwallo, da yara shida-shida. Babu gogayyar jiki, domin raga ta raba ɓangarorin biyu.

Iyayen da ke ɗari-ɗari ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Uban da ya ce ba zai yarda namiji ya riƙa tsayawa a kan 'yarsa budurwa tana tsalle ba, magana ya yi mai kan gado. Batun sutura kuwa an riga an wuce wurin: Doaa Elghobashy ta Masar ta buga a gasar Olamfik ta 2016 a Burazil da hijabinta da dogon wando. Abin da ya rage shi ne wa zai koyar, kuma amsar ita ce mace.

A nan gizo yake saƙar. Malamar da aka turo ƙauye daga birnin Kano, kafin ta san hanyar kasuwa ta fara neman canjin wurin aiki, kuma ba ta yi laifi ba, mijinta da 'ya'yanta suna can. Darasin motsa jiki ya zama rubutu a allo. Sai lokacin gasar gidaje ta makaranta a kakkaɓe raga a ɗaura, a yi tsere, a raba bokitin roba, a mayar da ita sito sai wata shekara. Yarinyar da Allah Ya ba tsawo da ƙarfin damtse za ta gama sakandare ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga ƙwallo. In ta shiga jami'a ta ji ana maganar gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, 'yar kallo za ta zama.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano shi ne a zaɓi 'yan asalin yankin nan, 'yan garin Turawa da maƙwabta, a ɗauki nauyin karatunsu a sashen motsa jiki da kiwon lafiya na makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso ko Jami'ar Bayero. In sun gama a ba su aiki a makarantun 'yan mata na garuruwansu, a rubuta cewa ba za a ɗaga su ba sai da yardarsu. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su sayi raga da ƙwallo, wannan bai fi ƙarfinsu ba. Sannan kada wani jami'i ya zo bayan zango biyu yana tambayar ina kofi.